Faɗuwar Gaba a Cikin Jama'a: Daga Ina Take?

Wataƙila kun san yaron da idan aka bar masa rumfa, mai saye ya taya kaya, sai bakinsa ya bushe, hannunsa ya kama rawa, ko "albarka" ya kasa furtawa. Wataƙila ma ku ne haka. Kada ku yi saurin cewa kunya ce, domin kunya ba ta hana mutum neman abincinsa. Wannan tsoro ne, kuma yana da mazauni a ƙwaƙwalwa.

Can ciki, daura da kowane kunne, akwai wani ɗan sashe mai kamar girman ƙwallon dabino, likitoci na kiransa amigdala. Shi ne maigadin jiki. Da ya hangi haɗari sai ya aika saƙo, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda su saki sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take zuciya ta hau bugawa, zufa ta karyo. Da maciji aka gani, wannan gata ne. Amma maigadin wasu mutane yana ɗaukar idon jama'a tamkar maciji.

Mai kwantar masa da hankali shi ne sashen ƙwaƙwalwa na bayan goshi, wanda ke auna lamari ya ce babu komai. Wannan sashe ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali matsalar takan soma ne wajen shekara 13. Saboda haka tsawa da gori ba sa gyara yaro, ƙara firgita shi suke yi.

Duk ranar da aka guje wa taro, ana samun sauƙi na ɗan lokaci, amma amigdala takan ɗauka cewa gudun ne ya ceci rai, sai ta ƙara tsananta gobe. Abin da ke koya mata akasin haka shi ne tunkarar abin kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Yau yaron ya gaida maƙwabcin rumfa, in ya saba ya miƙa canji, daga baya ya yi ciniki kuna kusa.

Yawan goro da kofi yana ƙara bugun zuciya. Tiramadol kuwa, da wasu ke sha don su iya tsayawa gaban mutane, kamu yake yi, yana kuma iya jawo farfaɗiya. Idan tsoron ya kai wata 6 yana hana kasuwa, makaranta ko zumunci, ku je asibiti mafi kusa ku yi wa ma'aikacin lafiya bayani. Ana magance shi ta hanyar zaman tattaunawa da ƙwararre, wani lokaci a haɗa da magani.