Yawo a Duwatsu da Tsibiran Sikotlan

Ƙasar Sikotlan tana arewa da Ingila. Su biyu suna cikin Birtaniya. Arewacin Sikotlan ƙasar duwatsu ce da tafkuna. Tana da tsibirai fiye da 700, amma waɗanda mutane ke zaune a kansu ba su kai 100 ba.

Kowace shekara baƙi suna zuwa kallon wannan ƙasa. Da yawansu suna shiga babbar motar fasinja, watau bas. Direba yana tuƙi, ja-gora yana bayani. To, yau bari mu ma mu shiga, mu ga abin da suke gani.

Hanyar Duwatsu

Za mu tashi daga birnin Gilasgo da safe, mu nufi arewa. Kada mu manta da rigar ruwa da rigar sanyi. Can ba kamar nan ba ne, ba su da damina dabam da rani dabam. Kowane wata ana iya yin ruwa.

Ba mu yi nisa ba, sai ga wani babban tafki a hannun dama. Sunansa Lomond. Daga nan hanya ta fara hawa. Itatuwa suka ragu, gidaje suka ragu. Muka shiga wani kwari mai zurfi da ake kira Gilenko. Duwatsu dama da hagu, ruwa yana gangarowa daga kansu.

Da muka yi tafiyar wajen mil 100, sai muka isa garin Fot Wiliyam. A bayan garin akwai dutsen Ben Nebis. Tsawonsa mita 1,345, watau ƙafa fiye da 4,400. Duk Birtaniya babu dutsen da ya kai shi. Sau da yawa gajimare yakan rufe kansa, baƙo ya zo ya koma bai gan shi ba.

Tsibirin Sikai

Daga nan muka nufi yamma, wajen teku. A gabanmu ga tsibirin Sikai. A dā sai mota ta jira jirgin fito a wannan mashigi. A shekarar 1995 aka buɗe gada, yanzu bas yana hayewa kai tsaye.

Waɗansu hanyoyin tsibirin ƙanana ne, mota ɗaya kaɗai suke ɗauka. An yi wuraren ratsewa nan da can. In motoci biyu suka haɗu, ɗaya ta ratse, ɗaya ta wuce, direbobi su ɗaga wa juna hannu. A bakin hanya muna ganin tumaki, da shanu masu dogon gashi da dogayen ƙahoni.

Ina Mutanen?

Tun safe muke tafiya. Mun ga duwatsu, mun ga ruwa, mun ga tumaki. Amma mutane kaɗan muka gani. A waɗansu kwaruruka akwai kangayen gidaje na dutse, babu rufi, ciyawa ta fito a ciki. Ashe kufai ne. Me ya tashi mutanen?

Ga abin da ya faru. A dā waɗannan kwaruruka cike suke da ƙauyuka. Mutanen suna noma, suna kiwon shanu, suna magana da harshensu na Gelik. Amma ƙasar ba tasu ba ce a takarda. Ta waɗansu manyan masu ƙasa ce, talakawa suna biyansu kuɗin haya.

Daga wajen shekarar 1750 zuwa wajen 1860 masu ƙasa suka ga tumaki sun fi mutane kawo kuɗi, saboda ulu da nama. Sai suka shiga tashin ƙauyuka. A waɗansu wurare har an sa wa gidaje wuta don kada masu su su dawo. Waɗansu aka tura su bakin teku, inda ƙasa ba ta da albarka. Waɗansu suka tafi birane neman aiki. Dubbai suka shiga jirgin ruwa zuwa Kanada da Amurka da Ostireliya. A 1846 kuma ciwo ya kama dankalin da suke ci, yunwa ta ƙara korar mutane.

Yadda Suka Tsaya

Waɗanda suka rage ba su yi shiru har abada ba. A 1882 manoman wani yanki na tsibirin Sikai suka ƙi biyan haya, sai an mayar musu da makiyayarsu. Aka aiko 'yan sanda wajen 50 daga Gilasgo. Maza da mata suka tare su da sanduna da duwatsu. Jaridu suka buga labarin, duk ƙasa ta ji.

A 1883 Gwamnati ta naɗa kwamiti. Ya bi ƙauyuka da tsibirai yana sauraron manoma, ana rubuta abin da suka faɗa. A 1886 aka yi doka. Dokar ta ce ba za a kori ƙaramin manomi daga gonarsa ba muddin yana biyan haya. Ta ce a yanka haya bisa adalci. Ta kuma ce yana iya barin gonar ga iyalinsa.

Abin bai tsaya nan ba. A 1997 mutanen wani ƙaramin tsibiri mai suna Eg suka tara kuɗi, jama'a suka taimaka musu, suka sayi tsibirinsu dungum.

Jama'a, kun ji labarin. Mai kallo daga tagar bas yana ganin kyan ƙasa. Wanda ya san tarihi yana ganin kufai kuma. Muddin kukan manoman nan yana baki kawai, ba a kula su ba. Da ya shiga takarda, sai ya zama doka. Saboda haka mu dage da karatu. Kada mu dangwala yatsa a kan takardar gona sai mun san abin da ke cikinta.

Tambayoyi

1. Wane dutse ne ya fi tsawo a Birtaniya?
2. Me ya sa aka tashi ƙauyukan Sikotlan?
3. Me dokar 1886 ta ba manoma?