Ana Rufe wa 'Ya'yanmu Mata Ƙofar Kimiyya

Iyaye, shugabannin makarantu, mazan aure da masu riƙe da gwamnati, wannan magana ta shafe ku duka. Kada kowa ya firgita, amma kowa ya zauna ya yi lissafi. Kafin yarinya ta zama likita, sai ta yi shekara uku a ajin kimiyya na babbar sakandare. Ta yi shida a jami'a. Ta ƙara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti. Shekara goma ke nan, idan ba a yi yajin aiki ba. Wadda aka cire daga aji bana, sai bayan shekara goma za a ga gurbinta a ɗakin haihuwa. A ranar, ko nawa aka ware a kasafin kuɗi ba zai samar da ita ba.

A duba makarantun da aka fi kai wa hari. A daren 14 ga Afrilun 2014 aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, suna tsakiyar jarrabawar kammala sakandare. Ranar 19 ga Fabrairun 2018 aka ɗauke 110 a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta 'Yan Mata da ke Dapchi. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka tafi da 279 daga makarantar 'yan mata ta Jangebe a Zamfara. Duk makarantun kwana ne. Kuma a Arewa, makarantar kwana ita ce hanyar 'yar karkara zuwa ɗakin gwaje-gwaje. Dalilin da ya sa Kano ta fara kafa makarantun kimiyya na musamman a 1977 ke nan: a tara kayan aiki da ƙwararrun malamai wuri guda, a kawo yara masu hazaƙa daga ko'ina. Yanzu da an kai hari, sai jiha ta rufe makarantun kwana. Namiji a tura shi gidan kawunsa a birni ya ci gaba. Mace ta zauna a gida. Kafin a sake buɗewa an kawo kuɗin gaisuwa. Ana ƙidaya waɗanda aka sace. Waɗanda tsoro ya hana komawa, babu mai rubuta sunansu.

Inda babu bindiga ma akwai wata asarar, kuma a shiru take faruwa. Ranar raba ɗalibai a ajin farko na babbar sakandare, sai malami ya dubi yarinya mai ƙoƙari a lissafi ya ce kimiyya wuya gare ta. Uwa ta ce karatun likita ya yi tsawo, wa zai jira ta? Shi ke nan an yanke. Wadda ba ta yi fiziks da kemistri da bayoloji ba, ba ta da damar neman likitanci ko haɗa magunguna a jarrabawar shiga jami'a ta JAMB. Shawarar minti biyar ta rufe hanyar rayuwa guda. Tun ran gini ran zane.

Waɗanda suka shiga ajin ma, a tambaye su me suka tarar. Akwai makarantun da ɗakin gwaje-gwajen suna ne kawai. Babu ruwa, babu wuta, kwalaben sinadarai sun bushe. Ɗaliba ta haddace zanen madubin ƙara girman ƙwayoyin halitta, ba ta taɓa leƙa cikinsa ba. Da wannan za ta yi gogayya da 'yar makarantar kuɗi a kan gurbi ɗaya.

Jami'a ba tudun mun tsira ba ce. A 2020 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya ci kusan wata tara. A 2022 ya ci wata takwas. Saurayi ya yi jira, ya kama sana'a, ya dawo. Budurwa takan dawo da aure, wani lokaci da ciki. Auren ba laifi ba ne. Laifin yana ga tsarin da bai tanadar mata komai ba: babu ɗakin renon jarirai kusa da sashenta, babu sassaucin ɗage zango, ga gwajin da ba a barinsa a tafi gida sai ya kammala. Sai ta sauya kwas, ko ta bari. Ga kuma malamin da ke riƙe sakamako don ya biya wata buƙata. Binciken da BBC ta fitar a 2019 a kan jami'o'in Najeriya da Ghana ya nuna abin da ɗalibai mata suka daɗe suna faɗa a ɓoye. Uban da ya ji irin wannan labari sau ɗaya, sauran 'ya'yansa mata ma ba zai tura su ba.

Kada a ce matanmu ba za su iya ba. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero ta yi aure bayan sakandare, ta haihu, sannan ta shiga jami'a tana dab da shekara talatin. Ta zama masaniyar fiziks, ta karɓi lambar yabo ta duniya a 2015. Amma nawa ne irinta da suka nemi komawa suka tarar ƙa'idar shekaru ta hana su tallafin karatu?

Ga inda abin zai ƙare. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, kuma Arewa ce ta fi ɗaukar nauyin. Zubar jini bayan haihuwa na kan gaba wajen kisa. Farfesa Hadiza Galadanci ta Kano na cikin jagororin binciken E-MOTIVE, wanda aka gudanar a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu. An yi amfani da wata leda mai ma'auni da ke nuna yawan jinin da ya zuba, sannan a haɗa magunguna a ba da su lokaci guda. Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna mummunar zubar jini da illolinta sun ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Da an cire Farfesa Hadiza daga aji tana shekara goma sha biyar fa? Mu ne muke cewa ba mu yarda namiji ya duba matanmu ba. Mu ne kuma muke hana 'yarmu zama wadda za ta duba su. Biyun ba sa haɗuwa, kuma mai naƙuda ce ke biyan bashin.

A Afganistan, doka aka yi. An hana 'yan mata sakandare a 2021, jami'a a Disambar 2022, makarantun jinya da ungozoma a Disambar 2024. Mu nan ba wanda ya sa hannu a wata takarda. Makaranta ce ake rufewa yau, a cire yarinya gobe, likita guda ta tafi Saudiyya ko Ingila jibi saboda albashi da tsaro. Ta wannan hanyar ma ana isa can.

Jihar da ta rufe makarantar kwana ta mata, ta faɗi inda ta mayar da ɗaliban, cikin makonni, da sunayensu. A buɗe ajin kimiyya mai kayan aiki a makarantun jeka-ka-dawo na manyan garuruwa. Jami'o'i su rubuta ƙa'idar hutun haihuwa ga ɗalibai, kada ta dogara da tausayin shugaban sashe. Wanda zai auri ɗaliba, a yi maganar karatun a gaban waliyyai kafin a ɗaura. Kai kuma uba, kafin zangon karatu mai zuwa, ka je makarantar da ƙafarka ka tambayi ajin da aka sa 'yarka.