Dorugu: Yaron da Aka Sayar, Ya Dawo da Littafi

A farkon daminar 1853 wani ayari ya baro Gwandu ya nufi yamma, ya sauka a Birnin Kebbi. Shugaban ayarin Bature ne, Bajamushe, mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Lokacin ƙasar Kabi ba ta zaune lafiya. Tsohon birnin ya zama kufai tun da mayaƙan jihadi suka ci shi a 1805, Kabawa kuma sun kafa sabuwar hedkwata a Argungu. Tun 1849 shugaban Kabawa Yakubu Nabame ya ɗaga wa masu jihadi tutar tawaye, saboda haka duk mai ratsa fadamar Gulbin Kabi da ransa a hannu yake tafiya. A cikin masu kula da raƙuma da kayan ayarin akwai wani yaro Bahaushe, ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu. Sunansa Dorugu.

An haife shi wajajen 1839 a Dambanas, kusa da Kance, a ƙasar Damagaram. Mahara suka fara kama uwarsa. Daga baya shi ma aka kama shi, aka raba shi da ubansa, aka kai shi Zinder, daga can sai Kukawa ta Barno. Ya wuce daga hannun wannan ubangida zuwa na wancan, har wani abokin tafiyar Barth mai suna Adolf Overweg ya 'yanta shi, shi da wani yaro ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega. Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi a watan Satumba na 1852, yaran biyu suka koma hannun Barth.

Tare da Barth suka bi ta Katsina, Wurno da Sakkwato, suka wuce Gwandu a zamanin Sarki Halilu, suka haye Kwara a Say, suka shiga Tumbuktu a watan Satumba na 1853. Da shi suka komo, suka ratsa Sahara har Tarabulus, suka isa Landan a 1855. Yaron da bai kai shekara ashirin ba ya ga duniyar da manyan fatake ba su gani ba. Amma 'yanci a takarda bai mayar masa da uwa ba, bai mayar masa da uba ba. Ba shi da gida, ba shi da dangi. Abu ɗaya kawai ya rage masa daga Dambanas, wato harshen da ya tsotsa a nono.

A Ingila ya haɗu da wanda yake neman wannan harshe ruwa a jallo. James Frederick Schön limamin Kirista ne, shi ma Bajamushe, na ƙungiyar mishan ta CMS. Ya shiga tafiyar kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, kuma tun daga nan ya ƙwallafa ransa a kan Hausa, ko da yake ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Barth ya yi niyyar mayar da yaran gida, amma Schön ya karɓe su ya kai su gidansa a yankin Chatham. A can aka koya musu karatu, aka yi musu baftisma. Dorugu ya zama James Henry Dorugu. Yana cikin Hausawa na farko da tarihi ya rubuta sunansu a matsayin masu bin Yesu Almasihu.

Ga abin mamakin labarin. Mai kallo daga nesa zai ce sabon suna da sabon addini sun ƙarasa raba yaron da asalinsa. Abin da ya faru akasin haka ne. Aikin da aka sa a gabansa shi ne ya tuna. Schön yana tambaya, shi yana ba da amsa: yaya ake faɗin kaza, wace tatsuniya ake yi da dare, yaya aka yi aka kama ka? Abin da kasuwar bayi ba ta ga darajarsa ba, shi ne ya zama dukiyar gidan. A shekarun da yake tare da Schön aka buga Bisharar Matiyu da Hausa a 1857, aka buga littafin Farawa a 1858, sannan littafin nahawun Hausa a 1862.

A cikin Farawa ɗin nan akwai labarin Yusufu, yaron da aka sayar wa fatake, aka kai shi baƙuwar ƙasa, Allah kuma bai rabu da shi ba. Wannan ita ce cibiyar abin da Kiristoci suke nufi da salama: darajar mutum ba ta hannun wanda ya saye shi ko ya sayar da shi, tana hannun wanda ya halicce shi ya kuma fanshe shi. Ga mutumin da aka taɓa yi wa kuɗi a kasuwa, wannan koyarwa ta wuce wa'azin ranar Lahadi. Amsa ce ga tambayar da bauta ta bar masa: ni ɗan wane ne?

Hanyar abokan biyu ta rabu. Abbega ya komo Afirka a 1857, daga baya ya rungumi Musulunci, har ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu ya zauna da Schön har 1864, sannan ya komo ya yi aikin tafinta shekara da shekaru. Da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, tsoho Dorugu yana cikin malamanta. Wanda aka fitar daga ƙasar Hausa a matsayin bawa ya ƙare yana koya wa 'ya'yan sarakuna karatu. Ya rasu a Kano a 1912.

Labarin rayuwarsa, kamar yadda ya faɗe shi da bakinsa, ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885, kuma a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara shi zuwa Turanci. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, shekara ashirin bayan rasuwarsa. Masu karanta shi a coci-cocin Birnin Kebbi da Argungu, da sauran masu karatun Hausar boko, ya kamata su san sunan James Henry Dorugu, domin yana cikin waɗanda suka aza harsashin aikin.