Yadda Ake Rarraba Gaɓoɓin Kalmar Sternocleidomastoid

Kalmar sternocleidomastoid, mai haruffa 19, suna ce da masana ilimin sassan jiki suka ba tsokar nan da ke fitowa fili a gefen wuya idan mutum ya waiga, kuma duk da tsawonta gaɓoɓi shida kawai gare ta: ster-no-clei-do-mas-toid. Rabuwar tana bin tushen kalmar a Girkanci, domin sterno na nufin ƙashin ƙirji, cleido kuma ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, yayin da mastoid ke nufin tudun ƙashin da ke bayan kunne, wato wuraren uku da tsokar ta kama.

Ana furta "clei" kamar "klai", sannan ana ɗora mafi yawan nauyin murya a kan "mas". Wahalar da ɗalibi Bahaushe kan fuskanta ita ce, gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa harshe kan so ya cusa wasali ya ce "sita" ko "kilai", abin da ke ƙara wa kalmar gaɓoɓin da ba nata ba.