Idan Kwamfutar Cinya Ta Ƙi Shiga Intanet A Gida

Duk lokacin da aka dawo daga hutu, sai mun sami ɗalibai, har da wasu malamai, da suke kawo kuka iri ɗaya. Kwamfutar cinya ta nuna ta kama Wi-Fi na gida, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Wani yana so ya duba sakamakon jarrabawa, wani kuwa yana da takardar neman shiga jami'a da zai aika kafin a rufe karɓa. Kafin mu kwashi kwamfuta zuwa wurin mai gyara mu kashe kuɗin iyayenmu, ya kamata mu san inda cutar take.

Bari mu yi misali da ɗakin kwanan ɗalibai. Sabon ɗalibi yana iya shiga ɗaki, amma sai an ba shi lambar gado kafin a san inda za a same shi. Haka kwamfuta take. Kama Wi-Fi shi ne shiga ɗaki. Bayan wannan sai na'urar rarraba intanet, wadda ake kira rauta, ta ba ta adireshi. Adireshin nan jerin lambobi huɗu ne, kowace tsakanin 0 da 255, kuma a gidaje yakan fara da 192.168. Tsarin da ke raba shi ana kiransa DHCP, wanda aka fitar a 1993 aka kuma sabunta a 1997. Aro ake ba kwamfuta, idan wa'adi ya kusa cika sai ta nemi ƙari.

To, yaya za mu san ko mun sami adireshi? A kwamfuta mai Windows, mu danna maɓallin Windows tare da R, mu rubuta cmd. Baƙin allo zai fito, sai mu rubuta ipconfig. Idan muka ga lambar da ta fara da 169.254, to rauta ba ta amsa ba, kwamfutar ce ta gaji da jira ta ba kanta lamba. Da irin wannan lamba ba a isa intanet.

Magani na farko shi ne mu zare rauta daga wuta, mu jira kamar rabin minti, mu mayar. Wannan yakan yi amfani ƙwarai bayan an ɗauke wuta an dawo da ita. Amma mu yi hattara da ƙaramin ramin da ke bayan rauta, wanda ake latsawa da tsinke, domin yana goge kalmar sirri da dukan saitin gida.

Na biyu, mu rubuta ipconfig /release, sa'an nan ipconfig /renew. Ta haka kwamfuta za ta saki tsohon adireshi ta roƙi sabo.

Na uku, mu tuna ko an taɓa rubuta wa kwamfutar adireshi da hannu a ofis ko a ɗakin kwamfuta na makaranta. Lambar can ba lalle ta yi aiki a gida ba, kuma idan na'urori biyu suka riƙe lamba ɗaya sai su hana juna aiki. Mu shiga saitin Wi-Fi mu mayar da shi yadda zai karɓi adireshi da kansa.

Na huɗu, ƙananan na'urorin MiFi suna da iyakar na'urorin da suke ɗauka. Idan wayoyin gida duka sun hau, kwamfuta ba za ta sami gurbi ba sai an sauke wasu.

Idan kuwa adireshin ya fara da 192.168 amma har yanzu shiru, mu gwada da waya. In ita ma ta ƙi, to laifin ba na kwamfuta ba ne. Wataƙila data ce ta ƙare, ko layin kamfani ya sami tangarɗa.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, mu riƙa bin matakan nan ɗaya bayan ɗaya, muna gwadawa bayan kowane. Kada kuma mu bar aika muhimmiyar takarda sai daren ƙarshe. In abin ya gagara, mu rubuta lambar da muka gani mu kai wa malamin kwamfuta, gama mai tambaya ba ya ɓata.