Igiya Kafin Takalmi: Yadda Ake Zaɓen Kayan Hawan Dutse

Sabon shiga a wasan hawan dutse idan ya je sayen kaya, takalmi ne ke fara ɗaukar masa ido. Alhali ko ya yi kuskuren zaɓen takalmi, iyaka ya sha matsi a yatsu. Kayan da ba sa yafe kuskure su ne waɗanda ransa zai rataya a kansu: igiya, ɗamarar ƙugu da ƙugiya. A nan ya kamata kuɗi da hankali su tafi.

Igiyar hawa ba ƙarfi kaɗai ake nema a jikinta ba, ana son ta riƙa miƙewa. Wanda ya suɓuce daga bango, idan igiyar da ta tare shi sandararriya ce, ko ba ta tsinke ba fizgar za ta iya illata masa ƙashin baya, ko ta tumɓuke ƙarfen da ya kafa a dutsen. Saboda haka igiyar masu aikin ceto da masu shiga kogo, wadda ba ta miƙewa sosai, ba ta dace da mai hawa a gaba ba, balle igiyar leda ta kasuwa da ake ɗaure kaya. Ƙungiyar masu hawan tsaunuka ta duniya, UIAA, wadda aka kafa a Shamoni ta Faransa a 1932, tana da gwaji sananne: a ɗaura wa igiya nauyin kilo 80, a sake shi daga tsayin kusan mita biyar. Dole ta jure aƙalla sau biyar, kuma fizgar farko kada ta wuce kN 12 (kN ɗaya ya kai kimanin nauyin kilo 100). Wadda ta ci gwajin za a ga tambarin UIAA ko lambar EN 892 a bakinta.

Tun 1953, lokacin da kamfanin Edelrid na Jamus ya fito da ita, igiyar zamani hawa biyu ce: zaren ciki mai ɗaukar nauyi da saƙar waje mai kāre shi. Ga mai koyo, kauri tsakanin milimita 9.5 da 10 ya fi jure gogar dutse. Tsawo kuwa mita 60 ko 70 ne, amma a tuna igiya zuwa da dawowa take yi: hanyar hawa mai mita 35 tana cin mita 70 cif. Mutane da dama sun faɗo don igiya ta ƙare a hannun mai sauke su. Ƙulli ɗaya a ƙarshenta ke hana wannan.

Ra'ayina a kan kayan gwanjo ba shi da sassauci: duk abin da aka saƙa da zare, a saye shi sabo. Hasken rana na cin zaren a hankali, ruwan batir kuwa yana kashe shi ba tare da ido ya ga alama ba, don haka igiyar da ta kwana a but ɗin mota kusa da batir ta tashi daga aiki. Yawancin kamfanoni shekara goma suke yanke wa irin waɗannan kaya ko da ba a taɓa su ba. Ƙwarewa ma ba ta maganin tsufan zare. A 2006 Todd Skinner, ɗaya daga cikin gwanayen Amurka, ya rasu a Yosemite lokacin da madaukin gaban tsohuwar ɗamararsa ya tsinke yana saukowa.

Ƙugiya, a karanta jikinta. Ta gaskiya tana ɗauke da lambobi uku: aƙalla kN 20 a tsaye in bakinta na rufe, sai wajen 7 a gicciye, da wajen 7 in bakin a buɗe yake. Ratar da ke tsakanin 20 da 7 ita ce dalilin da ya sa ake sa mai makulli a wurin da ake riƙe abokin hawa. Irin wadda ake rataya mabuɗai ko gorar ruwa, kamanni kawai ta ara.

Hular kwano ba zaɓi ba ce a dutsen waje, inda tsakuwa ke gangarowa daga ƙafar na sama ko ta akuya. A nemi mai lambar EN 12492, ba ta babur ba. Na'urar riƙe igiya irin Grigri, da Petzl ya fitar a 1991, tana cije igiya da kanta, amma hannu ba ya barin igiyar ko da daƙiƙa guda.

Ƙarafan da ake cusawa a tsagar dutse suna da tsada, kuma sai an koyi kafa su a hannun gwani, don haka a jinkirta sayensu. Sai takalmi. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a ɗauki mai shimfiɗaɗɗen ƙasa wanda ya kama ƙafa cas ba tare da zogi ba. Mai lanƙwasasshen baki a bar wa masu hawan bangon da ya rankwafo.