Bishiyar Kirsimeti: Ta Gona Ko Ta Roba?

Da zarar Disamba ta kama, magidanta a Turai da Amurka sukan tsaya shawara: bishiyar Kirsimeti ta gaske za a saro, ko ta roba za a saya?

Ta gasken noma ta ake yi, kamar a Denmark, kuma takan ɗauki shekara 7 zuwa 10 kafin ta kai tsayin mutum. Tana da ƙamshi, amma kullum sai an zuba mata ruwa a gindi. In ta bushe, siraran ganyenta su cika tsakar ɗaki kamar an watsa allurai, ga tsoron gobara.

Ta roba kuwa galibi daga masana'antun China take zuwa. Ba ban ruwa, ba shara, a mayar da ita kwali sai baɗi. Aibinta, haɗin roba ne da ƙarfe, ba ta ruɓewa a juji, kuma sai an more ta kusan shekara 10 kafin ta fanshe hayaƙin da aka fitar wajen ƙera ta.

A ganina, mai ta roba ya riƙe abarsa har ta tsufa. Mai saye yau kuwa, ta gona ta fi.